Wiliyam Shekisfiya: Ɗan Badukun Da Aka Ce Bai Isa Ya Riƙe Alƙalami Ba

Duk wanda ya zauna ajin adabin Ingilishi a makarantun sakandaren ƙasar nan, da wuya a ce bai yi karo da Wiliyam Shekisfiya ba, wato shahararren marubucin wasan kwaikwayon nan na Ingila wanda mutanensa ke rubuta sunansa Shakespeare. Wasu sun sha fama da Macbeth, wasu Julius Caesar, wasu kuma The Merchant of Venice, duk don a tsallake jarrabawa. Har cikin harshenmu ya shigo, domin marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara wasansa Twelfth Night da sunan Daren Sha Biyu, kamar yadda marigayi Julius Nyerere na Tanzaniya ya mayar da biyu daga cikin wasanninsa zuwa harshen Swahili. To amma abin da malamai ba su cika faɗa wa ɗalibai ba shi ne, yau sama da shekara 160 ke nan ana kai ruwa rana a Turai da Amurka a kan ko shi ne ya rubuta waɗannan wasanni, ko kuwa sunansa kawai aka ara aka lulluɓe wani da shi. Mutanen da aka gabatar a matsayin marubucin na haƙiƙa sun haura 80, cikinsu har da Sarauniya Elizabet ta ɗaya.

Ni dai ra'ayina a kan wannan batu a fili yake, kuma gara in faɗe shi tun daga farko don mai karatu ya san inda na dosa. Shekisfiya ɗan garin Stratford shi ne marubucin, duk da cewa akwai wasannin da ya haɗa hannu da wasu wajen rubuta su. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tushen shakkar, domin idan aka tona ta har ƙasa, ba a tarar da wata takarda ko wani mai shaida, raini ake tararwa. An ga ɗan baduku, ɗan ƙaramin gari, wanda bai taka jami'a ba, sai aka ce irinsa bai isa ya san zuciyar sarakuna da harshen fada ba. Wannan ciwo kuwa mu ma muna fama da shi, shi ya sa na ga ya dace mu bi tarihin mutumin daki-daki, mu ga abin da ya tabbata a kansa.

An yi masa baftisma ranar 26 ga Afrilu, 1564, a cocin Holy Trinity da ke Stratford, wani ƙaramin garin kasuwa a bakin kogin Avon, mai nisan kimanin mil 100 daga Landan. Al'ada ta tafi a kan cewa ranar 23 ga watan aka haife shi. Yana jariri annoba ta faɗa wa garin ta kashe mutum sama da 200, amma Allah Ya yi da sauran kwanansa a gaba. Mahaifinsa John baduku ne mai ɗinka safar hannu ta fata, yana jima, yana kuma taɓa cinikin gashin tumaki. Mahaifiyarsa Mary Arden 'yar wani manomi ce mai rufin asiri. John bai tsaya a rumfar dukanci ba, ya shiga majalisar gari yana hawa mataki-mataki har ya zama shugabanta a 1568, muƙamin da ya yi daidai da na magajin gari. Ke nan yaron ya tashi a gidan da ake jin ƙanshin fata, ake kuma jin maganar shari'a da haraji da gudanar da gari.

A garin akwai makarantar nahawu wadda 'ya'yan gari maza ke shiga kyauta, malamanta na wancan zamani kuwa a jami'ar Oxford suka yi karatu. Rajistar ɗalibanta ta waɗannan shekaru ta salwanta gaba ɗaya, saboda haka babu sunan kowa, ba nasa kaɗai ba. Amma hankali ba zai ɗauka ba a ce shugaban majalisar gari ya hana babban ɗansa makarantar da majalisar ke biyan malaminta. Kada kuma sunan ya ruɗe mu mu zaci ƙaramin karatu ne. Yaro kan shiga aji tun ƙarfe 6 ko 7 na safe har yamma, kwana shida a mako, yana haddar nahawun Latin, yana karanta Ovid da Virgil da Cicero da wasannin Plautus da Terence, yana fassara daga Latin zuwa Ingilishi ya sake mayarwa, ana kuma horar da shi yadda zai kare magana ya dawo ya rushe ta. Wanda ya san irin gogewar da almajiri kan samu idan ya zauna shekara da shekaru gaban malamin zaure yana karatun nahawu da balaga, ba zai yi mamakin abin da irin wannan makaranta za ta iya fitarwa ba.

Daga wajajen 1576 al'amura suka fara juya wa John baya. Bashi ya yi masa katutu, ya jinginar da gadon matarsa, ya daina zuwa zaman majalisa har aka cire shi a 1586. A cikin wannan hali ne Wiliyam ya yi aure a watan Nuwamban 1582 yana da shekara 18, ya auri Anne Hathaway wadda ta girme shi da shekara takwas. An yi wa 'yarsu Susanna baftisma a watan Mayun 1583, sai tagwaye Hamnet da Judith a Fabrairun 1585. Ga shi bai cika 21 ba, ga mata da 'ya'ya uku, ga gidansu a cikin matsi. Daga nan sawunsa ya ɓace a takardu na tsawon shekara bakwai, sai a 1592 aka sake jin ɗuriyarsa a Landan.

Yadda aka ji ɗuriyar tasa abin lura ne. Akwai wani marubuci mai suna Robert Greene, mai digiri na biyu daga Cambridge, wanda ya mutu cikin talauci a wannan shekara. Bayan mutuwarsa aka buga wata ƙasida da sunansa, inda yake gargaɗin 'yan'uwansa marubuta 'yan jami'a game da wani ɗan wasa ɗan kutse, wanda ya kwatanta da hankakan da ya yi ado da fuka-fukan wasu, yana ganin zai iya tsara baiti kamar su. Ya yi wasa da sunan Shekisfiya, ya kuma murɗa wani layi daga wasansa na Henry VI don yi masa habaici. Wannan zagi shaida ce mai ƙarfi, domin maƙiyi ne ya bayar da ita, kuma ta nuna tun a lokacin an san ɗan wasan da marubucin mutum ɗaya ne. Ta kuma nuna rainin masu digiri ya fara binsa tun yana raye, sai dai na wancan zamani ba su musa cewa shi ke rubutun ba, haushin yana rubutun suke ji. Hassada ga mai rabo taki ce.

Da annoba ta sa aka rufe gidajen wasa na Landan tsakanin 1592 da 1594, sai ya koma ga waƙa. Ya fitar da Venus and Adonis a 1593, da The Rape of Lucrece a 1594, ya sadaukar da su ga wani matashin basarake, mai sarautar Southampton, ya kuma sa sunansa a ƙarƙashin sadaukarwar. Wanda ya buga littattafan biyu shi ne Richard Field, ɗan wani majemi daga Stratford, wanda ya zo Landan ya koyi sana'ar ɗab'i. Ɗan baduku ya kai wa ɗan majemin garinsu aiki, kamar yadda baƙo a birni kan nemi ɗan garinsu.

A 1594 ya zama ɗaya daga cikin masu hannun jari a ƙungiyar 'yan wasa ta Lord Chamberlain, tare da babban jarumi Richard Burbage da ɗan barkwanci Will Kemp. Takardun baitulmalin fada na watan Maris, 1595, sun ambaci su ukun a matsayin waɗanda aka biya kuɗin wasannin da aka yi gaban sarauniya. Daga nan har kusan shekara 20 yana tare da wannan ƙungiya, yana fitowa a dandali, yana rubuta mata kimanin wasa biyu a shekara, yana kuma karɓar rabonsa na riba. A 1596 ɗansa namiji tilo, Hamnet, ya rasu yana da shekara 11. A shekarar ce kuma aka ba mahaifinsa tambarin girma na dangi, wanda ya ɗaga gidansu zuwa sahun masu mutunci a idon hukuma. A 1597 ya sayi New Place, gida na biyu a girma a duk Stratford. A 1598 wani malami mai suna Francis Meres ya buga littafi inda ya jera wasanninsa 12 da sunayensu, ya yabe shi a fagen wasan ban dariya da na ban tausayi, kuma daga shekarar ne sunansa ya fara fitowa a bangon wasannin da ake bugawa.

A 1599 ƙungiyar ta gina gidan wasa na Globe a kudancin kogin Thames, da katakon tsohon gidansu da suka kwance suka ƙetaro da shi. Gida ne mai ɗaukar kusan mutum 3,000, inda talaka kan biya kwabo ɗaya ya tsaya a tsakar fili, mai hali ya ƙara kuɗi ya zauna a rumfa. A nan aka nuna Julius Caesar da Hamlet da Othello da King Lear da Macbeth. Da Sarki Jemis na ɗaya ya hau gado a 1603, sai ya ɗauki ƙungiyar ƙarƙashin inuwarsa, ta koma ana kiran ta Mutanen Sarki, takardar izinin kuma ta ambaci Shekisfiya cikin na gaba-gaba. Dukiyar da ya tara gida yake kai ta: eka 107 na gona a kan fam 320 a 1602, da wani kaso na ushirar amfanin gona a kan fam 440 a 1605. A 1609 aka buga gajerun waƙoƙinsa 154. A ranar 29 ga Yuni, 1613, gobara ta cinye Globe ana tsakiyar nuna wasan Henry VIII, daga wajen wannan lokaci kuma ya ajiye alƙalami. Ya sa hannu a wasiyyarsa a watan Maris, 1616, ya rasu ranar 23 ga Afrilu yana da shekara 52, aka binne shi a cocin da aka yi masa baftisma.

A cikin wasiyyar ya bar wa abokan aikinsa uku, wato Burbage da John Heminges da Henry Condell, sule 26 da kwabo 8 kowannensu don su sayi zoben tunawa da shi. Burbage ya rasu a 1619. Sauran biyun ne suka tattara wasanninsa 36 suka buga su a kundi guda a 1623, wanda 18 daga ciki ba a taɓa buga su ba, har da Macbeth da Julius Caesar da The Tempest da wanda muka sani da Daren Sha Biyu. A gaban kundin akwai hotonsa, akwai bayanin mutanen biyu cewa sun yi aikin ne don raya sunan abokinsu, akwai waƙar yabo ta Ben Jonson wadda ta danganta shi da kogin Avon, da wata ta Leonard Digges wadda ta ambaci abin tunawa da aka kafa masa a Stratford. Abin tunawar yana nan a bangon cocin, rubutun da ke jikinsa kuma ya kwatanta shi da Sokratis a basira, da Virgil a fasaha. A tsawon rayuwarsa, da fiye da shekara 200 bayan mutuwarsa, ba a sami wanda ya rubuta cewa wani ne daban ya yi wasannin ba.

To daga ina shakkar ta ɓullo? A ƙarni na 18 da na 19 Turawan Ingila sun ɗaukaka Shekisfiya har suka wuce gona da iri, suka mai da shi kamar wani wanda ya fi ƙarfin ɗan Adam. Masu bincike suka bazama neman tarihinsa, suna sa ran wasiƙun hikima da littafin sirrin zuciya. Abin da suka tarar shi ne takardun sayen gona, da na haraji, da ƙarar da ya shigar a kan wani maƙwabci saboda bashin fam 6, da wasiyyar da ta bar wa matarsa gadon kwana wanda ba shi ne mafi kyau a gidan ba, ba ta kuma ambaci littafi ko ɗaya ba. Sa hannunsa shida da suka rage, rubutun sunan ya sha bamban a tsakaninsu. Mahaifinsa da 'yarsa Judith da alama suke sa hannu. Sai aka kasa haɗa wannan ɗan kasuwa mai bin bashinsa da wanda ya rubuta Hamlet. Zamanin kuma ya zo daidai da lokacin da malaman Jamus suka fara tambayar ko Homer na Girkawa mutum ɗaya ne, ga kuma sabuwar aƙidar cewa duk abin da marubuci ya rubuta tarihin rayuwarsa ne. Idan wasa ya nuna fada, lalle bafade ne ya rubuta shi, idan ya nuna Italiya, lalle wanda ya je can ne.

Wadda ta fara ɗaga tutar sosai wata malama ce Ba'amurkiya, Delia Bacon, wadda ta buga maƙala a 1856 da babban littafi a 1857, tana cewa wasu manyan masana ne ƙarƙashin jagorancin Francis Bacon suka rubuta wasannin don cusa falsafar siyasa a ɓoye. Ta je Stratford da nufin a buɗe kabarin, har ta shiga cocin da dare da fitila, amma ba ta iya ba. Ta rasu a 1859 a gidan jinyar masu taɓin hankali. Waɗanda suka biyo bayanta suka koma neman zaurance a cikin wasannin. Ignatius Donnelly, ɗan siyasar Amurka, ya fitar da ƙaton littafi a 1888 yana ƙirga kalmomi don fito da saƙon Bacon. Wani likita daga Detroit, Orville Owen, ya ƙera wata na'ura mai juya shafuka, daga baya ya je ya haƙa gindin kogin Wye neman rubuce-rubucen da ya ce an binne, ya tashi a tutar babu. A 1957 William Friedman da matarsa Elizebeth, ƙwararru a fasa rubutun sirri, waɗanda suka yi wa gwamnatin Amurka aiki a yaƙin duniya na biyu, suka bi waɗannan da'awowi ɗaya bayan ɗaya, suka nuna da irin wannan hanya mutum zai iya fito da duk saƙon da ransa ke so daga kowane littafi.

Da tauraron Bacon ya dushe, sai wani malamin makaranta Bature, J. Thomas Looney, ya zo da sabon ɗan takara a 1920, wato Edward de Vere, basarake na 17 a sarautar Oxford. Hanyar da ya bi ita ce ya zauna ya lissafa siffofin da yake ganin marubucin ya kamata ya mallaka, kamar jinin sarauta da son Italiya da sakaci da dukiya, sannan ya nemi wanda rigar ta yi wa daidai. De Vere ya tashi a gidan babban wazirin sarauniya, ya yi yawo a Italiya a 1575 da 1576, yana kuma waƙa. Wannan ra'ayi ya ja manyan mutane, har da Sigmund Freud, kamar yadda Mark Twain ya bayyana tasa shakkar a 1909. Wasu kuma suka ce Christopher Marlowe ne, wanda aka kashe a 1593, wai mutuwar ƙarya ya yi ya gudu yana aiko da wasanni. Mai wannan ra'ayi, Calvin Hoffman, ya sami izinin buɗe hubbaren ubangidan Marlowe a 1956, bai tarar da komai ba sai yashi. Larabawa ma an sa musu hannu, da zancen nan na cewa asalin sunan Shaihu Zubairu ne, wanda aka faro da sigar raha amma marigayi Mu'ammar Gaddafi ya maimaita shi a 1989. A 1987 alƙalai uku na Kotun Ƙolin Amurka suka saurari muhawarar a wani zaman gwaji a Washinton, suka yanke cewa magoya bayan de Vere ba su kawo hujjar da ta isa ba. Duk da haka ba a daina ba. A 2007 wasu fitattun 'yan wasan Ingila suka sa hannu a takardar bayyana shakka, a 2011 kuma aka yi fim mai suna Anonymous a kan labarin de Vere.

Yanzu bari mu ɗora maganar a kan sikeli. Alƙalanmu sun san ƙa'idar cewa mai da'awa shi ake nema ya kawo shaida, malaman hadisi kuma sun koya mana a tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji, shin sun yi zamani ɗaya. A ɓangaren Shekisfiya akwai shaidun gani da ido: abokan aikinsa da ya ambata a wasiyya, da Meres, da takardun fada, da abokin hamayyarsa Ben Jonson, wanda Shekisfiya ya fito a wasanninsa biyu. Jonson ba mai rufa wa kowa asiri ba ne. Ya ce Latin ɗin mutumin kaɗan ne, Girkancinsa bai kai haka ba, ya kuma yi masa dariyar sa wa ƙasar Bohemiya gaɓar teku alhali ba ta da ita. A ɓangaren sauran 'yan takara kuwa babu takarda ko ɗaya ta zamanin da ta danganta wasa ko ɗaya ga ɗayansu. Meres ya ambaci de Vere da Shekisfiya a jeri guda a matsayin mutum biyu. De Vere ya rasu a 1604, alhali akwai wasanni kusan goma da suka biyo baya, cikinsu har da The Tempest, wanda ya ɗebo daga labarin wani jirgin ruwa da ya tarwatse a tsibirin Bamuda a 1609.

Wasannin da kansu suna nuna irin hannun da ya rubuta su. A tsohon bugun Much Ado About Nothing, akwai wuraren da marubucin ya sa sunan ɗan wasa Kemp a maimakon sunan wanda yake kwaikwaya, domin tun yana rubutu muryar Kemp yake ji. Da Kemp ya bar ƙungiyar wajen 1599, Robert Armin ya maye gurbinsa, sai wawayen wasannin suka sauya daga masu tsalle-tsalle zuwa masu habaici da waƙa, irin wawan da ke cikin Daren Sha Biyu. Da ƙungiyar ta sami rufaffen zaure na Blackfriars mai amfani da kyandir, tsarin wasannin ƙarshe ya bi yanayin wurin. Wannan aikin wanda ke kwana yana tashi da 'yan wasa ne, wanda ya san iyawar kowa da gazawarsa. Ga kuma ambaton wuƙar baduku da fatar ɗan akuya mai taushi, da sunayen ƙauyukan da ke kewaye da Stratford. Ilmin tarihin da ake mamaki kuwa an san inda ya ɗebo shi, wato kundin Holinshed na tarihin Ingila da fassarar Plutarch ta Thomas North, littattafan da ke kasuwa a lokacin. Zancen wasiyya ma yana da amsa, domin wasa mallakar ƙungiya ne da zarar an miƙa shi, ba kayan gado ba ne. Bambancin rubutun suna kuwa ruwan dare ne a zamanin da ba a daidaita ƙa'idojin rubutun Ingilishi ba. Takardun kotu da na filaye su ne hukuma ke adanawa, shi ya sa su suka fi saura, a kansa da a kan sauran marubutan zamaninsa.

Inda bincike na gaskiya ya kai shi ne batun haɗin gwiwa. Rubutun wasa a lokacin sana'a ce ta gaggawa, marubuta kan raba aiki a tsakaninsu. Masana sun auna salon kowa ta hanyar ƙirga ƙananan kalmomi da tsarin baiti, daga baya da taimakon kwamfuta, suka gano hannun George Peele a Titus Andronicus, da na Thomas Middleton a Timon of Athens, da na George Wilkins a Pericles, da na John Fletcher a Henry VIII. Bugun The Two Noble Kinsmen na 1634 ma sunan Fletcher da na Shekisfiya ne tare a bangonsa. A 2016 wani sabon bugu na maɗaba'ar jami'ar Oxford ya sa sunan Marlowe tare da nasa a wasannin Henry VI, kodayake ba duk masana suka yarda ba. Wannan ita ce muhawara mai amfani, kuma ta ƙara rushe labarin basaraken ɓoye, domin da wuya a ce mamacin 1604 ya zauna raba aiki da Fletcher a 1613.

Abin da ya rage bayan an tace komai shi ne tambayar da aka faro da ita: ta yaya ɗan baduku? Amsar tana cikin zamanin kansa. Marlowe ɗan mai ɗinkin takalma ne. Jonson, wanda ya fi kowa alfahari da ilmin Latin, a gidan magini ya tashi, ya taɓa aikin birkila, bai kuma yi karatun jami'a ba. Ba a taɓa neman ƙwace musu ayyukansu ba, sai shi da ya fi su ɗaukaka. Mu nan ya kamata mu fi kowa gane wannan. Alhaji Abubakar Imam bai yi jami'a ba lokacin da ya rubuta Magana Jari Ce, kuma shi ma ya ɗebo labarai daga Larabawa da Turawa ya sa musu rigar Hausa har suka zama namu. Narambaɗa da Shata ba su zauna ajin boko ba, amma an rubuta kundayen digiri a kan waƙoƙinsu. Duk da haka, a ofisoshinmu da tarukanmu, kafin a saurari abin da mutum ya zo da shi sai an tambayi ɗan gidan wane ne, wace jami'a ya yi, harafi nawa ke bin sunansa. Idan yaron da ba kowa ba ya kawo aiki mai kyau, abin da ke fara zuwa bakinmu shi ne wa ya rubuta masa. Tambayar Delia Bacon ke nan, da harshenmu.

Ilmin makaranta abu ne mai daraja, ba kuma ina kira a yi wasa da shi ba ne, domin Shekisfiya kansa makarantar garinsu ce ta ba shi makamin da ya yi aiki da shi. Darasin shi ne, ƙaramar makaranta mai malamai nagari, wadda ƙofarta ke buɗe ga ɗan baduku da ɗan majemi, ta isa ta fitar da wanda duniya za ta karanta bayan shekara 400. Ya rage namu mu tambayi kanmu halin da makarantun ƙananan garuruwanmu ke ciki, da irin kallon da muke yi wa waɗanda suka fito daga cikinsu. Allah Ya ba mu ikon auna magana da hujja, Ya kuma tsare mu daga raina baiwar da Ya ajiye inda Ya so.